Laraba Uku da Ban Shiga Ruwa Ba

A Madarumfa, idan ka tambayi mai noman rani inda garkarsa take, ba kasafai zai ce maka gabas ko yamma ba. Zai ce, "Ta biyar ce," ko ya ce, "Tamu ta bakwai ce," kuma duk wanda ke wurin ya gane. Na tashi ina jin wannan magana, ban taɓa tunanin akwai lokacin da babu ita ba. Sai da na tafi karatu Maraɗi, na ce wa wata ƙawata garkarmu ta bakwai ce, ta tambaye ni ina sauran shidan, sannan na tuna cewa mutum ɗaya ne ya kawo mana ita.

Malamin lakwal ɗinmu ne, wato makarantar boko. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko namiji a wurinmu, amma a unguwarmu idan aka ce Mushe kawai, shi ake nufi. Dogo ne siriri, yana tafiya a hankali kamar mai gudun taka wani abu mai rai. Tun kafin a haife ni aka kawo shi garin, ya yi aure, ya zauna. A shekararsa ta farko ya samo doguwar sandar kirya, ya shafa mata fenti fari da ja, gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, kowace gaɓa tsawon taƙi guda. Da rani ya yi, ruwa ya ja baya, ya kafa ta a cikin tabki, bayan doguwar ciyawar kacala.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin yana dariya. Masu garka sun wayi gari sun ga sanda mai fenti irin na gwamnati a tsaye kusa da gonakinsu, suka ce shi ke nan, an zo awon ƙasa za a ƙwace. Suka tumɓuke ta. Mushe ya sake kafawa, suka sake tumɓukewa, kuma Babanmu na cikin masu jan. A karo na uku Mushe ya ɗauko sandar a kafaɗa, ya same su a inuwa suna hutawa, ya ajiye ta a gabansu.

"Ga ta nan, ku huta da shiga ruwa," ya ce. "Ni ruwa nake son aunawa, ƙasarku tana nan inda kuka bar ta."

"Ruwan Allah ake aunawa, Mushe? To in ka auna, wa za ka sayar wa?" in ji Babanmu.

"Bara yaushe ruwa ya sauka daga garkarka?"

Babanmu ya ce bayan girbin dawa. Maƙwabcinsa ya ce ƙarya ne, kafin girbi ne. Na uku ya rantse duk ba haka ba. Mushe ya bar su suna musu har suka gaji, sannan ya ce abin da yake son rubutawa ke nan. Ranar Babanmu da kansa ya haƙa ramin.

Aikin ba shi da wuya. Kowace Laraba da la'asar, tun da ba a komawa aji, ɗalibi ɗaya daga ajin Mushe zai je tabki, ya ƙirga gaɓoɓin da suka fito saman ruwa, ya rubuta a cikin kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango. In gaɓoɓi sun ƙaru, ruwa ya sauka ke nan. Da shekaru suka taru, kowa ya gane a gaɓa ta nawa ƙasarsa take fitowa. Ta haka garkoki suka sami lambobinsu, kuma mutane suka koyi zuba irin albasa a reno daidai lokacin da dashe zai isa cirewa ƙasa ta fito tana jiransa. Har mutanen Safo da ke da dangi a bakin tabki, in sun zo kasuwa a amalanke, abin da suke fara tambaya ke nan: gaɓa nawa?

Doka ɗaya ce a kan kayen. Mushe yakan faɗe ta ranar farko, yana riƙe da shi da hannu biyu: wanda bai gani da idonsa ba, ya bar wurin fari. Ba a dukan kowa don ya bar layi fari. Wannan ma ta fita daga lakwal ta shiga gari. Innarmu ba ta taɓa riƙe bik, wato biro, ba, amma in aka tambaye ta abin da ba ta sani ba, ko aka kawo mata tsegumi ana son ta ƙara gishiri, sai ta ce, "Ni dai na bar shi fari."

Ina da shekara goma sha ɗaya na shiga ajinsa. Yarinya ce ni mai yawan kallon taga. Ana lissafi, ni ina bin inuwar ganyen dogon yaro a kan bango. Amma rubutuna yana da kyau, kuma Mushe yana son rubutu mai kyau. Yakan ɗaga ardwaz ɗina, ɗan allon da nake rubutu a kai, ya nuna wa aji ko da amsar ba daidai ba ce.

A waccan shekarar aka yi babban ruwa. Gulbi ya kawo har ya gaji, tabki ya haye hanyoyin da muka saba bi, sandar ta nutse saura gaɓa uku a sama. Da hutu Mushe ne ke zuwa dubawa da kansa. Ana saura kwana biyu a buɗe lakwal ya faɗi a kan keke a hanyar Safo, ƙafarsa ta karye, aka ɗaure ta da karare. A kujera ake kawo shi aji. Ranar farko, bayan an tashi, ya kira ni.

"Ɗiyata, Laraba uku masu zuwa naki ne. Wannan shekara ba a taɓa ganin irinta ba tun da na kafa sandar nan. Ina son a rubuta ta da hannu mai kyau."

Na rungume kayen har gida. Ban bari ko Inna ta taɓa shi ba.

Larabar farko na isa bakin ruwa, na tarar da abin da ban yi tsammani ba. Daga tudu ba a hango sandar, kacala ta rufe ta. Sai mutum ya shiga ruwa ya zagaya, kuma a shekarar ruwan zai kai wa yarinya irina cinya. Na cire takalma, na sa ƙafa ɗaya. Laka ta kama ni da sanyi. Na tuna matsattsakun da na taɓa gani manne a ƙaurin Yayana, baƙi, ya ƙoshi da jini, ana cire shi da toka. Na janye ƙafata.

Akwai wata tsohuwar kanya a wurin, saiwoyinta sun fito waje kamar matakala. Na zauna a kan ta biyu, na ce bari in huta kaɗan tukuna. Ruwa yana shafar saiwa ta uku, daidai wani ƙulli mai kama da gwiwar tsoho. Na sa yatsun ƙafata a kan ƙullin, ruwa yana rufe su yana buɗewa. Furannin bado sun fara rufewa. Tsuntsayen kirinjijiya suka wuce a jere suna fito, balbelu suka cika wani reshe har ya zama fari. Na manta da sanda, na manta da Mushe. Ina ta haɗa kalmomi a raina game da bado, waɗanda yanzu ba na tuna ko ɗaya. Da na farga, rana ta yi ƙasa.

Na buɗe kayen. Layin ƙarshe rubutun Mushe ne: uku. Na san dokar. Amma na ga fuskarsa lokacin da ya ce hannu mai kyau, na ga layi fari a ƙarƙashin nasa, na ji kunyar da ba zan iya ɗauka ba. Na yi tunani cewa damina ta wuce, ruwa dole sauka yake yi. Na rubuta huɗu, na ƙawata ta.

Laraba ta biyu ban ma gwada ba. Kai tsaye na wuce wurin kanya, na zauna a saiwata, na sa yatsuna a kan ƙullin, na rubuta biyar. Ta uku na rubuta shida.

Kullum ina jiran a kama ni. Wanda zai karɓa bayana zai shiga ruwa ya ga gaskiya. Sai malamai suka shiga yajin aiki, aka rufe lakwal fiye da wata guda, kayen ya zauna a akwatin Mushe da layuka farare. Da aka dawo, ruwa ya riga ya sauka ƙasa da inda na kai shi, lambar da aka rubuta ta zauna lafiya a bayan nawa, babu wanda ya ga ɗinki. Mushe ya duba shafin, ya gyaɗa kai.

"Kun gani? Shekarar babban ruwa, tabki yana saurin sauka tun farko. Gaɓa guda kowane mako. Da ba don ɗiyar nan ba, da ba mu sani ba."

Aji ya tafa mini.

Shekara goma sha ɗaya na ɗauki wannan tafin. Ba zan ce ya hana ni barci ba. Yawancin lokaci ina mantawa. Na gama lakwal, na wuce kolej, Babanmu ya rasu, Yayana ya karɓi garka, na tafi Maraɗi. Mushe ya ajiye aiki, idanunsa suka fara yin yana, wani malami ya ci gaba da aika yara ranar Laraba. Tsofaffin kayen suna wurin Mushe a akwatin ƙarfe. Sai dai duk lokacin da na ji Inna ta ce ta bar abu fari, nakan sami abin da zan duba a ƙasa.

Sai ga babban ruwa ya sake dawowa. Ina gida ƙarshen hutu, saura kwanaki in koma. Wata Talata da hantsi Yayana ya shigo daga bakin tabki, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya ce gaɓa uku ce a sama, daidai irin waccan shekarar. Ya shiga ɗakin Inna ya fito da gwangwanin irin albasa.

Wannan gwangwani shi ne abin da Babanmu ya bar mana wanda ba a samu a kasuwa. Irin gidanmu ne, ja mai ƙaramin wuya, mai jure ajiya har damina. Kowace shekara Yaya yakan bar wasu kawuna su yi fure, ya tara irin, kuma a bara tsutsa ta ɓata rabi, abin da ya samu bai cika gwangwanin ba. Babu na biyu. In aka zuba shi a reno, bayan kamar mako shida dole a cire a dasa. In ƙasa ba ta fito ba, dashen zai tsufa a reno, ya yi ƙananan kawuna kamar na tafarnuwa, shekara ta tafi, irin ma ya tafi.

"Gobe da safe za mu taru wurin Mushe a buɗe kayen waccan shekarar," Yaya ya ce. "Amma ai an san zancen. Gaɓa guda kowane mako. Mako huɗu ta bakwai ta fito, biyu ta sha iska. Jibi zan zuba."

"Duka za ka zuba?"

"To in bar wa wa? Ke auta, ashe har yanzu kina nan? Na ɗauka kin tafi cikin gajimare." Ya ɗaga gwangwanin ya girgiza. "Ai rubutunki ne ma a wurin. Yau dai mafarkinki zai yi mana amfani."

Inna ta yi dariya. Ni na ɗauki tsintsiya na share tsakar gidan da aka riga aka share.

Na so in faɗa masa a ranar, mu biyu. Na bi shi har wurin da yake gyara fangalin reno a bayan gida, na tsuguna ina tsince masa tsakuwa. Sau uku na buɗe baki. Na gane cewa ko na faɗa masa shi kaɗai, sauran za su zuba nasu. Maganar ta riga ta fi ƙarfin gidanmu. Kuma akwai wanda ya fi Yaya cancantar ya fara ji.

Washegari na sa mayafi na bi shi. Zauren Mushe ya cika da masu garka, kusan duk tsofaffin ɗalibansa ne ko iyayen ɗalibansa. Akwai Baba maƙwabcinmu, abokin Babanmu, mai garka ta shida, wanda bakinsa ba ya hutawa. Akwai wani tsohon masunci a bakin ƙofa yana gyaran koma. Mushe na zaune a tabarma, akwatin a gefensa, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya gane muryata kafin in gama.

"A'a, mai hannu mai kyau! Allah ya kawo ki. Idanuna sun ƙi, waɗannan kuma in sun karanta sai ka ce ana jan amalanke a kan dutse. Zo ki karanta mana naki da bakinki."

"Mushe, mu da muka biya ka da kifi shekara da shekaru, yau mu ne amalanke?" in ji Baba maƙwabci.

"Kifin da ka kawo sau ɗaya, shi ma ƙaya ce zalla."

Aka yi dariya. Aka miƙo mini kayen. Bangon ya koɗe, takardar ta yi ja, tana warin akwati. Na buɗe shafin. Ga ukun Mushe. Ga nawa a ƙasa, huɗu, biyar, shida, kowace da ƴar wutsiyar da nake yi wa lambobi a lokacin. Sun yi kyau ƙwarai.

"Uku," na karanta. "Wannan na Mushe ne."

Suka jira.

"Sauran ukun ban gani ba."

"Ƙara matsawa wurin haske, ɗiyata," Mushe ya ce.

"Ina ganin rubutun, Mushe. Sandar ce ban gani ba. Ban shiga ruwa ba. Duka Laraba ukun ban shiga ba. Tsoro na ji, na zauna a gindin kanya na rubuta abin da na ga dama."

Yaya ya juyo ya dube ni, bakinsa a buɗe. Baba maƙwabci ne ya fara magana, kuma babu wasa a muryarsa.

"Ke ɗiyar nan, kin san mi kike faɗi? Ni yau kwana goma da zuba nawa. Ban jira an buɗe kaye ba, don kowa ya san zancen. Ya tsiro, ya yi kore."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙuri zan dasa?"

Mushe nake kallo. A cikin shekarun nan na sha raya wa kaina cewa ya sani, ya yi shiru ne don ya ga ranar da zan faɗa. Fuskarsa ta nuna mini bai sani ba. Ya sa hannu yana shafa murfin akwatin, yana kai da komowa. Shekara goma sha ɗaya yana koya wa yara da iyayensu cewa babban ruwa yana saurin sauka, yana faɗa da tabbaci, kuma a kan layukana uku ya tsaya.

"Ni na faɗa maka, ba ita ba," ya ce wa Baba maƙwabci a hankali. "Ni na aiki yarinya ƙarama cikin ruwa mai kai cinya, ban tambayi yadda hanya take ba. Kuma shekara ɗaya tak na gani, na mai da ita doka. Wannan nawa ne." Ya juyo wajena. "Ita kuma nata nata ne. A ba ta bik."

Wani ya miƙo. Mushe ya ce in ja layi ɗaya a kan kowace lamba, siriri, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. Kada in goge. A gefe in rubuta: ba a gani ba. Rubutun ya fito a karkace, shi ne mafi muni a duk kayen.

"To yanzu mu koma musun da, ke nan," Yaya ya ce. Bai dube ni ba. "Kowa ya faɗi abin da ya tuna."

Suka fara kuwa. Wani ya ce a waccan shekarar ya dasa da wuri, wani ya ce shi sai da sanyi ya shiga. Murya ta hau murya. Mushe ya ɗaga hannu.

"Ɗiyata, kin ce kin zauna a gindin kanya. Laraba uku kina zaune a bakin ruwa da idanu biyu. Mi kika gani?"

Na ji kunya ta sake rufe ni. Na ce bado na gani, da kirinjijiya, da balbelu.

"Madalla," in ji Baba maƙwabci. "Sai mu dasa balbelu."

"Bar ta," in ji Mushe. "Ina kika zauna?"

"A kan saiwa ta biyu."

"Duka ukun?"

"Duka ukun."

"Ƙafafunki fa?"

Na buɗe baki in amsa, sai na tsaya. Na ji sanyin ruwan a yatsuna kamar yanzu ne. Ƙullin nan mai kama da gwiwar tsoho, ruwa yana rufe shi yana buɗewa. Larabar farko haka. Ta biyu haka. Ta uku ma na tuna na sa yatsuna a wurin, ina kallon wani ɗan kifi yana zagaya su. In da ruwa ya sauka taƙi uku, da ƙullin ya bushe, da ƙafata ba ta kai ruwa ba.

"Bai motsa ba," na ce. "Mushe, ruwan bai motsa ba. Wuri ɗaya na same shi duka ukun."

Tsohon masunci ya ajiye komarsa. Ya ce shi ba ya shiga zancen masu albasa, amma ya san kanyar, a nan yake ɗaure jirginsa in ruwa ya yi yawa, kuma a waccan shekarar ya daɗe yana ɗaurewa a wurin, har igiya ta ci bawon. Yau da safe ma a can ya ɗaure, ruwa na kan ƙullin.

"Wannan kin gani da idonki?" Mushe ya tambaye ni.

"Na gani."

"To rubuta shi. Ki sa cewa daga baya aka tuna, kuma a saiwar kanya aka gani, ba a sanda ba. Wanda zai karanta ya san nauyin da zai ba shi."

Na rubuta. Mushe ya ce wa mutane shi ba zai sake cewa ga yadda babban ruwa yake yi ba. Abin da ke hannu shi ne sau ɗaya ya tsaya aƙalla Laraba uku. Kowa ya yi shawara da kansa.

A hanyar gida Yaya yana gaba ina baya. Sai da muka kusa ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da kin bari na zuba, da sai ki koma Maraɗi da zama." Ya shiga ya mai da gwangwanin ɗakin Inna. Ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya ga gaɓa ta huɗu da idonsa. Inna ta ji labarin duka, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta miƙo mini turmi.

Da la'asar ɗin ranar, Laraba ce, aka yi sallama. Mushe ne a ƙofar gida, da sandarsa, da sabon kaye da ya aro daga lakwal.

"Wanda ya sha azumi yana ramawa," ya ce. "Uku ne. Na yau na farko. Sauran biyun, Maraɗi ba nisa."

Muka tafi a hankali, ina riƙe masa hannu a wuraren da hanya ta lalace. A gindin kanya ya zauna a kan saiwa ta biyu, ya karɓi takalmana ya ɗora a cinyarsa. Na tattare zanena na shiga. Lakar tana nan da sanyinta. Yanzu ruwan ya ɗan wuce mini gwiwa. Na zagaya kacala, ganyenta yana yankar hannuna, sai ga ta. Ban taɓa ganinta kusa haka ba. Fentin ya sha sabuntawa, wani bisa wani, kuma wani tsuntsu ya ɓata kanta. Na ƙirga sau biyu.

"Uku!" na ɗaga murya.

"Kin tabbata?"

"Uku, da ɗan yatsa na ta huɗu!"

"Rubuta ɗan yatsan ma!"

Da na fito akwai matsattsaku a bayan ƙaurina. Na yi ihu irin na yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya. Mushe ya yi dariya har ya yi tari, ya ce in tsaya cik, zai faɗi da kansa in ya ƙoshi, shi ma aikinsa yake yi.

Na dawo Laraba ta biyu a motar kasuwa, na dawo ta uku. Ruwan bai bi lissafin kowa ba. Ya tsaya mako biyu da ƴan kwanaki, sannan ya fara sauka, wani mako rabin gaɓa, wani mako fiye da guda. Yaya ya zuba irinsa ranar da ta huɗu ta fito sosai, dashensa ya isa daidai ƙasa ta sha iska. Na Baba maƙwabci ya tsufa a reno, fiye da rabi bai yi ba. Yaya ya cire masa fangali biyu daga namu ya kai masa. Ya karɓa, amma ya daɗe in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. Sai da aka cire albasa ya aiko wa Inna da kwando, ya ce a ba mai balbelu ta kai Maraɗi.

Kayen yana nan a akwatin Mushe. Na ji sabon malamin yakan aro shi ranar farko ta shekara, ya buɗe wa yara shafin, su ga lambobi uku masu kyau da layi a kansu, da karkataccen rubutu a gefe. Ba ya faɗin ko na wane ne, ko da yake duk garin an sani. An kuma sare kacalar da ke gaban sandar, yanzu daga gindin kanya ana hango ta.